Rasuwar Gudale, Akori-kurar Malam Labbo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka ta miƙa wuya ga hukuncin Mai kowa mai komai, iyalan Malam Labbo na Tungar Wada, a kan hanyar Burkusuma, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Sabon Birni da Isa da na tsallaken iyaka, rasuwar abin hawansu kuma rufin asirinsu, farar akori-kurar nan da aka fi sani da Gudale. Ta bar duniya tana da shekara goma sha huɗu, biyu daga ciki a hannun Malam Labbo, bayan jinyar wata biyu da 'yan kwanaki. An yi saɓani a kan ranar da rai ya yi halinsa. Bakanike ya ce tun a gindin gawo ta cika. Kamfanin inshora kuwa ya ce shi a takardarsa har gobe lafiyarta ƙalau. Iyali sun ɗauki Talatar da ta wuce, ranar da wasiƙa ta iso daga Sakkwato, domin a ranar ce maigidan da kansa ya yarda.

Ga wanda bai san marigayiya ba, in akwai shi a ƙasar Gobir, ga asalinta. Malam Labbo makiyayi ne ɗan makiyaya, mai 'yar gona a bayan gida kamar kowa. Daminar farko da gero ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe a tsaye, ya fita da safe ya dubi shanunsa, ya ga ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Bai shawarci kowa ba. Ya kora su kasuwa tun suna iya kai kansu, ya wuce Sakkwato, bayan kwana shida ya dawo zaune a gefen wani direban haya cikin motar da bai san inda ake taka ta ba. Wata guda ya yi yana koyo a filin Idi, kuma dangar gida uku ce ta biya kuɗin makarantar. Mutanen Tunga suka yi ta dariya, suka ce Labbo ya sayar da masu haihuwa ya sayo mai shan mai. Kafin wata damina ta zagayo masu dariyar suna feɗe nasu shanun a bakin garke, kuma ita ɗin ce ta riƙa kai musu fatun kasuwa, ba ta taɓa yi musu gori ba. Sunan kuwa, na irin shanu ne, shi ya raɗa mata, don fara ce, ba ƙaho, ga faɗin ƙugu, kuma shi bai iya zama da abin da ba ya iya kira da suna ba.

Gida talatin da ɗaya ne a Tungar Wada kafin fari. Da abu ya yi tsanani aka fara ɗaure kaya ana yin kudu, yau gida biyu, jibi uku, har aka koma goma sha ɗaya. Malam Labbo ya rantse shi ba inda za shi. Mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar garin, kabarinsa yana nan bayan masallaci, kuma ya ce ba zai je ƙasar da za a tambaye shi ɗan wa ne shi ba. Matarsa Fadima, mace mai gajeriyar magana, ta ce masa rantsuwa ba ta cika tukunya. Gaskiyarta, domin abin da ya riƙa cika tukunyar shi ne Gudale. Kowane zuwa Isa ko Sabon Birni, tana dawowa da 'yan kwanonin masara a bayan kujera. Kowa a gidan ya sani, har yaran da ba a gaya wa ba, cewa muddin tana kan ƙafafunta suna nan, ranar da ta kwanta kuwa su ma sun bi sahun sauran.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta ba tare da ta kai ƙara ba. Ta ɗauki duro huɗu na ruwa daga fadama lokacin da rijiyoyi suka koma ba da laka. Ta ɗauki awaki da masu awaki, ta ɗauki masu naƙuda zuwa asibitin Isa, biyu daga cikinsu ba su jira an kai ba. Ta ɗauki gawa da mutunci, ta ɗauki 'yan biki da hayaniyarsu, ba ta taɓa tambayar wanda ya hau ta ko Bagobiri ne ko Bafillace ba. An taɓa ƙirga mutum goma sha tara a bayanta ban da buhuna, kuma wanda ya yi ƙirgar bai sa kansa ba.

Ta kuma kasance mai raya zumunci, domin ba ta taɓa tashi ba tare da an tura ta ba. Babu namiji mai hannu biyu a Tungar Wada da bai dafa bayanta ba, kuma an san mutum biyu da suka shekara ba sa ga maciji, waɗanda suka shirya a kan turin Gudale, tunda ba yadda za a yi ka haɗa kafaɗa da mutum kuna nishi tare ka ƙi amsa gaisuwarsa. Waɗanda suka san ta ba za su manta muryarta ba. Takan fara da kir, kir, kir, kamar mai tunanin ko ta tashi ko ta ƙara kwanciya, sai ta yi tari biyu, sai tuf! ta saki baƙin hayaƙi a fuskar wanda ya fi kowa ƙoƙari. A kan gargada kuwa kowane ƙarfe na jikinta da nasa zancen, garam, garam, ƙwal, har mata a Burkusuma kan san tana tafe tun ba a ga ƙurarta ba. Malam Labbo da Fillanci yake mata magana in za ta hau yashi, kuma ya rantse ta fi jin sa da shi. Kullum da safe sai ya zagaya ta sau ɗaya yana shafa ta, yana duba ƙarƙashinta, yadda ya saba yi a garke.

Ba a yi wa mamaci ƙarya, saboda haka iyali ba za su ɓoye cewa tana da nata ba. Idonta ɗaya ne yake gani. Ƙofar fasinja da igiyar dabaibayi ake ɗaure ta. Ba ta san komawa baya ba, sai dai a zagaya da ita. Birkinta kuma mai jan aji ne, sai an roƙe shi sau uku yake amsawa, abin da Malam Labbo bai taɓa ɗauka aibi ba, don a ganinsa duk mai mutunci haka yake.

Maganar inshora ta shigo ne ta hannun Jibrilla, ƙanen Fadima, wanda yake akawu a wani ofis a Isa. Shi ya tsaya kai da fata sai an yi mata babbar inshora, wadda ake biyan mai mota in motarsa ta lalace a haɗari, ba 'yar ƙaramar da ake yi don a nuna wa 'yan sanda ba. Malam Labbo ya daɗe yana ƙi. A ganinsa biyan kuɗi saboda masifar da ba ta zo ba kamar aika mata goron gayyata ne.

Jibrilla ya ce, "Yaya, ko shanu ai tun ciwo bai zo ba aka kai su allura. Wagga allurar mota ta."

Da wannan ya kayar da shi. Ya biya, aka ba shi takarda mai hatimi, ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata, ya rataya a madubi. Tun daga ranar ya ƙara gudu kaɗan.

Ciwon ajali ya same ta da hantsi, a kan hanyar dawowa daga Isa, ɗauke da buhu shida na masara da fasinja huɗu. Inda hanya ta gangara wani busasshen rafi, sai ga saniya kwance a tsakiyar hanya, irin waɗanda garke kan wuce ya bari don sun kasa tashi. Da wani direban ne, da ya bi ta kanta ya wuce, ba wanda zai tambaye shi, a shekarar da ake tsallake mushen shanu a kowace kwana. Amma saniyar ta ɗago kai ta dube shi, shi kuwa mutum ne da ya girma yana kwana a tsakanin irinta. Ya roƙi birki sau ɗaya, ya roƙe shi sau biyu, babu lokacin na uku. Sai ya murɗe sitiyari, ga kuwa wani gawo a bakin rafin da ya fi shekara ɗari yana jiran wannan rana. Aka ji gwaram! Daga nan sai wani dogon tsss, lagireto yana zubar da ruwansa a yashi, kuma wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Fasinjoji sun fita ba ƙwarzane, ban da wani tsoho da ya haɗiye goronsa. Malam Labbo ya fashe a goshi. Fuskar Gudale kuwa ta shige ciki har ba a iya kallo. Saniyar da aka yi abin dominta ta mutu kafin azahar.

Washegari Jibrilla ya zo a kan babur. Ya karɓo takardar 'yan sanda, ya farke layar madubi ya ciro ta inshora, ya cika fom ya rubuta gaskiya tsantsa: gaba ya murƙushe, inji ya tsage, ƙashin bayan mota ya karkace. Kafin ya tafi ya ɗaga yatsa.

"Yaya, don Allah kada kowa shi taɓa ta. Yadda ta faɗi, haka mai dubawa za shi ishe ta. Mutanen ga sai sun gani da ido su biya."

Malam Labbo ya yi biyayya kwana goma sha ɗaya. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin gawon yana jinya, ana kawo masa fura daga gida. Abin da ya fi ciwon goshinsa zafi shi ne masu wucewa. Kowace mota sai ta rage gudu, fasinjoji su leƙo suna nunawa da baki, wani ya ce wash, wani ya ce ai ta mai shanun nan ce. Ya ji kamar an kwantar da wani nasa tsirara a bakin kasuwa. A rana ta goma sha biyu Wakili, mai unguwar Tunga, ya kira gayya, maza ishirin da raƙuma biyu suka jawo ta gida. Wannan kam da kamfani ya yafe, in ji Jibrilla daga baya, da a nan aka tsaya.

Ba a tsaya ba, domin saƙo ya iso cewa ranar Asabar mai dubawa zai zo daga Sakkwato. Tungar Wada ta rasa shanu, ta rasa gero, ta rasa kashi biyu cikin uku na mutanenta, amma ba ta manta yadda ake tarbar baƙo ba. Aka zauna a ƙofar masallaci. Yari maƙeri, wanda rabonsa da a kawo masa ko gyaran kwashen noma tun bara, ya ce shi dai ba da shi za a nuna wa mutumin birni wannan abin kunya ba.

Ya ce, "Ko maras lafiya in za a zo gaishe shi, ai sake mai riga aka yi, a wanke mai fuska."

Malam Labbo ya ce, "Jibrilla ya ce kada a taɓa."

Yari ya ce, "Jibrilla yaro na. Mu da munka yi ma uwayenmu sutura, mota ta za mu kasa rufa ma asiri?"

A nan ya kamata Malam Labbo ya dage, kuma ya san ya kamata. Amma ya waiwaya ya dubi fuskarta, ya ji daɗin da aka kayar da shi, ya bar su suka fara aiki. Kwana uku Yari yana bugu. Ya sa zuga-zugi ya gasa bamba ya miƙar da ita, ya bi murfin inji taƙi-taƙi daga ciki har ya kwanta sumul, ya toshe ramin fitila da gindin kwalba. Duk wanda ya gani ya ce a rayuwarsa bai taɓa aiki mai kyan wannan ba. Aka samo ragowar farin fenti a Sabon Birni. Ranar Juma'a kowane gida ya aiko da ƙwaryar ruwa guda, a garin da ake wanke hannu a kan tukunya don kada ɗigo ya faɗi ƙasa, Fadima da kanta ta ɗaura zane ta yi mata wanka da sabulun salo. Mai wannan sanarwa yana so a rubuta a ajiye cewa ba wanda ya yi wannan da mugun nufi. Ƙauna ce tsagwaronta, kuma ita ta ƙarasa abin da gawo ya fara.

Ranar Asabar baƙon ya iso bayan babur ɗin Jibrilla. Malam Ibrahima sunansa, siririn mutum mai jaka da abin ɗaukar hoto a wuya. Suka tarar da gari ya fito cikin rigunan Sallah, an shimfiɗa tabarmi, an yanka zakaran da ya rage a gidan, ga Gudale a tsakiyar fili tana ƙyalli yadda ba ta yi ba ko ranar da aka sayo ta. Jibrilla ya sauka daga babur, ya dube ta, ya nemi wuri a ƙasa ya zauna ya dafe kai. Mutane suka ɗauka daɗi ne ya kama shi.

Bayan an ci an sha, Malam Ibrahima ya buɗe jaka ya ciro fom, ya karanta, ya dubi motar, ya sake karantawa.

Ya ce, "Malam Labbo, ina motar da ta yi haɗarin?"

"Ga ta nan gabanka, ranka shi daɗe."

"To, yaya ɓarnar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Baƙon ba bare ba ne. Shi ma ɗan gida ne, kuma wataƙila ya taɓa zama a gefen wani nasa da ya yi ta cewa da sauƙi har aka rufe masa ido. Ya ajiye biro, ya matso, ya rage murya.

"Malam, dubi nan. Abin da ka faɗi shi za ni rubuta, abin da ni rubuta shi za su karanta. Ka yi hasara ko ba ka yi ba?"

Malam Labbo ya buɗe baki, sai ya dubi waɗanda suke zaune a kan tabarmin. Ga wanda ya rasa shanu tamanin bai taɓa cewa uffan ba. Ga Wakili, da ya binne jikoki biyu a wata ɗaya, aka je masa gaisuwa ya ce sai godiya. A gaban waɗannan ne za a ce ya yi kukan ƙarfe? Harshensa ya ƙi. Ya san abin da ke kan wannan amsa, ya san tukunyar gidansa a kanta take, amma harshen ya ƙi.

Ya ce, "Wanda ya fita da ransa bai yi hasara ba."

Tsofaffi suka gyaɗa kai, don an yi magana irin ta 'ya'yan mutane. Malam Ibrahima ya tashi ya ɗaga murfin inji, ya leƙa, ya ga tsagar da hannu zai shiga. Ya daɗe a sunkuye.

Ya ce, "Inji ya mutu, na gani. Amma kamfani ba shi biyan tsufa, sai haɗari. In na kai musu wanga inji cikin wagga mota, cewa za su yi shekaru sunka kashe shi. Ina haɗarin?"

Yari ya miƙe da alfahari ya ce shi ya fitar da shi, kwana uku, da hannunsa. Sai a lokacin Jibrilla ya sami bakin magana, ya yi wa taron bayanin abin da suka aikata. Yari ya dubi hannuwansa kamar na wani ne. Can ya juya da sauri ya nufi maƙera, ya dawo da babbar guduma.

Ya ce, "Ni na fitar, ni za ni mayar. Na san inda kowane rauni yake. Ku ba ni rabin sa'a."

Baƙon ya juya baya yana kallon sama, kamar mai neman hadari, kuma duk wanda ke wurin ya gane ya ba da dama ce. Malam Labbo ya tashi ya tsaya tsakanin Yari da Gudale.

Ya ce, "Aje gudumar ga, Yari. Ba a dukan maras lafiya don likita shi yarda."

Daga bayan zana sai aka ji muryar Fadima, wadda ba a taɓa jin ta a gaban maza ba. Da ƙanenta ta yi magana, amma kowa ya ji.

"Jibo, gaya ma baƙo, hatsin da ya rage cikin gidan ga bai kai wata biyu ba. In maigida ba shi iya faɗi, ni na faɗi."

Babu gurbin wannan a fom, amma Malam Ibrahima ya juya bayan takardar ya rubuta. Sannan ya ce doka ce sai ya ɗauki hoton motar, ya roƙi jama'a su ja baya. Suka ja baya taku biyu suka jera, manya a gaba, Wakili yana dafe da madubi. Ya roƙa har sau uku, ya gaji ya ɗauka haka.

Sauran jinyar ta zaman jira ce. Malam Labbo ya je Isa sau huɗu a ƙafa yana tambayar Jibrilla ko an ji wani abu. Ya je Sakkwato sau ɗaya, ya kwana biyu a kan bencin ofishin kamfanin, aka ba shi wani fom ɗin aka ce ya koma gida za a neme shi. Duk wanda ya tambaye shi jikin Gudale amsa ɗaya yake samu. Ranar Talata Jibrilla ya zo da wasiƙar, ya karanta a zaure ya fassara. Kamfani yana baƙin cikin sanar da shi cewa an yi wa motar gyara ba da izininsa ba, kuma hoton da aka ɗauka bai nuna wata alamar haɗari ba, saboda haka ba zai biya ba. A ƙasa an tuna masa cewa inshorarsa za ta ƙare a watan gobe, ya hanzarta sabuntawa. A cikin ambulan ɗin akwai hoton, wanda Malam Ibrahima ya saka da hannunsa, ya rubuta a baya cewa ya yi iya yinsa, Allah ya mayar da alheri. Malam Labbo ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo. Ya ce ta yi kyau. Sannan ya shiga cikin gida ya tsaya a ƙofar ɗakin Fadima, ya ce mata Gudale ta mutu, su fara ɗaure kaya.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta Malam Labbo, da Fadima, da 'ya'ya biyar waɗanda ƙaraminsu a bayanta aka haife shi. Ta bar taya huɗu, uku daga ciki masu sanƙo, ta biyar ɗin ta riga ta gidan gaskiya tun bara a hanyar Kamarawa. Ta bar batir mai sauran numfashi, wanda Wakili ya karɓi riƙonsa saboda rediyo. Ta bar duro huɗu da yanzu ba mai kai su fadama, da gida goma da za su koma ɗauko ruwa a ka. Ta kuma bar Yari, wanda tun ranar Asabar ɗin nan bai hura wuta a maƙera ba. Iyali suna roƙon duk wanda ya gan shi ya gaya masa ba wanda ya riƙe shi a zuci, kuma har yanzu ba a ga mai hannunsa ba daga nan har Maraɗi.

Iyali sun yafe wa saniya. Sun yafe wa gawo, wanda ɓawo kawai ya rasa. Suna godiya ga Jibrilla, da ya faɗi gaskiya tun farko kuma ya yi ƙoƙari bai ce ai na gaya muku ba fiye da sau shida. Suna godiya ga kamfanin inshora, domin a duk faɗin duniya shi kaɗai ne har yanzu yake yi wa marigayiya fatan shekara mai zuwa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a haƙa kabari ba, don ƙasa ta yi tauri, masu haƙar kuma ba su da ƙarfin da za su ɓatar. Ranar Alhamis bayan la'asar za a cire wani ɓangare na dangar gidan a tura ta ciki, a ajiye ta tsakanin rumbu da ɗakin maigida, a ɗora ta a kan duwatsu. Ana gayyatar duk wanda ya taɓa tura ta ya zo ya sa hannu. Liman ya ce shi ba ya yi wa ƙarfe salla, amma zai zo ya yi wa masu ƙarfen addu'a. Ba za a raba waina ko gumba ba, kuma ana roƙon mai zuwa ya zo da ruwan shansa.

Za a zauna karɓar gaisuwa har zuwa yammacin Juma'a. Ba za a yi sadakar uku ba, balle ta bakwai, domin ranar Asabar da safe akwai babbar motar da za ta tashi daga tashar Sabon Birni zuwa kudu, kuma an kama wa mutum bakwai wuri a bayanta. Wanda ya zo bayan haka zai tarar an ja ƙaya a ƙofa. Ya yi gaisuwarsa ta kan danga, marigayiya tana ciki, ita aka bar wa gadin gida.

Abu na ƙarshe, Malam Labbo ya ce a sanar da maƙwabta cewa akwai damin irin gero shida a kan kujerar gabanta, wanda ko a ranakun da aka kwana da ruwan zafi Fadima ba ta bari an sussuka ba. An ɗaga gilashi an rufe saboda ɓera, mabuɗi yana wurin Wakili. Ranar da ruwan shuka ya sauka, a aika masa ko ina yake, zai taho. In saƙo bai same shi ba, ko ya same shi bai sami na mota ba, kada a jira shi. Wanda ya fi kusa ya buɗe ya ɗauka, ya shuka a gonar da ke bayan masallaci, ya fara daga wajen kabarin tsoho, mahaifin Malam Labbo.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa a dawo a tarar da juna.